Turmin Gidan Mijinyawa

Shekarar da sojoji suka sake karɓe mulki, damina ma ta yi nata juyin: ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fitar da kai ba, aka shiga rani da rumbuna wayam. A Yamai ba ka ganin wannan a fuskar manya. Sai ka je kasuwar Petit Marché, inda farashin tiyar hatsi yake hawa kowace safiya ba ya ko waiwaye, sannan za ka san ƙasa ba lafiya.

Mijinyawa ma'aikacin gwamnati ne, mutumin Adar, yana haya a unguwar Bukoki da matarsa Madina. Ba a kore shi daga aiki ba, kuma duk wanda ya ce an kore shi zai sha masifa. Abin da ya faru shi ne, da aka tuɓe ministan da yake bi, sabon mai gidan ya zo da nasa mutanen, aka bar wa Mijinyawa kujera aka ɗauke masa tebur. Kullum sai ya sa kwat ya tafi biro, wato ofis, ya gaida kowa, ya zauna har azahar, ya dawo gida yana ƙorafin gajiya. Abu guda ya tsira da shi, wata ordinata, wato kwamfuta, ta wani aikin tallafi da ya daɗe da mutuwa, wadda ta biyo shi gida a bayan taksi ba wanda ya tambaya. Tun yana makaranta yake ganin kansa a matsayin makaɗin da ƙaddara ta jefa cikin takardu, saboda haka ya kafa ta a ɗakin baƙi, ya manna kwalayen ƙwai a bango, ya hana kowa ya kira wurin da wani suna in ba situdiyo ba.

Can ƙauye kuwa akwai Inna, mahaifiyarsa, wadda idonta ya tafi tun shekaru, sai kunne da ya rage mata, kuma kunnen ba na wasa ba ne. Shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'yanta. Abin da ya saura a gidan shi ne irin shuka da ta rufe a cikin tulu, ta ce ba mai taɓa shi sai ruwa ya sauka. Mijinyawa ya yi mata alkawari ta wayar wani maƙwabci cewa zai aiko buhun hatsi kafin yunwa ta kai su ga tulun. Ta yarda, amma ta san ɗanta, don haka ta turo ƙanwarta, Iya Hawa, ta zauna a gidansa. A baki an ce don a rage masu ci ne a ƙauye. A gaskiya an turo ta ne ta zauna a tsakar gida ya riƙa ganinta safe da yamma yana tunawa.

Kuma ya tuna, a ba shi haƙƙinsa. Ya ɗan tara abin da zai kai buhu, ya ɓoye a aljihun wata tsohuwar kwat. Saura kawai ya je kasuwa, sai Allah ya haɗa shi da Oumarou.

Oumarou tsohon abokin aikinsa ne, irin mutanen da ko wace gwamnati ta faɗi a kan ƙafafunsu suke sauka. Yanzu shi ne sakataren wani Kwamitin Ceton Rumbu da wani komandan na soja yake shugabanta. Ya ja Mijinyawa gefe ya ce kwamitin yana neman sanarwar radiyo da za ta shaida wa talakawa abinci yana tafe, kuma komandan ba ya son kiɗan Turawa, yana son abin da zai taɓa zuciyar bakauye. Wanda ya yi wannan aiki, in ji Oumarou, komandan ba zai manta da shi ba. Bai faɗi abin da za a biya ba, Mijinyawa kuma bai tambaya ba, domin a ganinsa tambayar irin wannan ta ƙananan mutane ce.

Kafin ya iso gida ya riga ya ji sanarwar a kansa. Ba ganga, ba gurumi. Ƙarar daka kawai, turmi da taɓarya, sautin da duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san ma'anarsa tun yana goye. Zai ɗauki ɗan guntun dakan, ya yanka, ya sa na'ura ta yi ta maimaita shi, sannan ya ɗora murya a kai. Abin ya yi masa daɗi har ya tsaya a bakin titi yana yi wa kansa murmushi.

Matsalar ita ce ordinatar. Kunnen da aka haife ta da shi, wato kartar sauti da ke cikinta, ba ta da kirki. Duk abin da ka ɗauka da ita sai ya fito da wani zuuu a ƙarƙashi kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. Ba za a kai wa komandan wannan ba.

Haka aka fara zaryar shagon Moussa. Moussa Bazabarme ne haifaffen Yamai, yana da rumfa kusa da Petit Marché cike da gawarwakin ordinatoci, yana sayar da Hausarsa yadda yake sayar da kayansa, wani sashe sabo wani na hannu. Ya baje wa Mijinyawa abin da yake da shi. Akwai wata karta 'yar mitsitsiya kamar babban yatsa, ana cusa ta a wani ɗan rami a gefen na'ura, kuɗinta bai fi na shayin mako ba. Akwai wata tsohuwa da ake buɗe cikin na'ura a dasa, wadda Moussa ya rantse daga gidan wani Bature ta fito. Sai kuma wata da take cikin kwalinta a saman kanta, baƙin akwati mai maɓallan murɗawa da 'yan fitilu kore da ja, wadda Moussa bai ma sauko da ita ba sai da aka roƙe shi.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da Moussa: bai cuci kowa ba. Da ya ji aikin na radiyo ne, ya ce ƙaramar ma ta isa, tunda a ƙauye da radiyon da batirinsa ya kusa mutuwa za a saurara. Wannan magana ita ta ɓata komai. Mijinyawa ya ji kamar an sake ɗauke masa tebur. Ya gyara tsayuwa ya fara yi wa mai shago lacca a kan yadda na'ura take yanka sauti gunduwa-gunduwa sau dubbai kafin ƙiftawar ido, da yadda ƙaramar karta take zubar da rabin gunduwoyin, da jinkirin da ke shiga tsakanin bugu da ji. Duk a wata tsohuwar mujalla ya karanto, amma ya faɗe su kamar shi ya ƙirƙiro.

Moussa ya saurara har ƙarshe, ya ɗora hannu a kan baƙin akwatin.

"To, Shef, wannan ita ne naka. Ba ya ƙarya. Abin da ya ji shi za ta faɗi, ko kana so ko ba ka so."

Bai saya ran nan ba. Ya kai maganar fadar da yake shan shayi, inda malaman makaranta da ma'aikatan da su ma aka ɗauke musu tebur suke zama. Mutanen da ba su taɓa buɗe cikin ordinata ba suka rabu gida biyu, masu goyon kartar ciki da masu goyon ta waje, aka yi ta kai ruwa rana kamar ana rubuta sabon tsarin mulki. Tunda an hana maganar siyasa da ƙarfi, kowa ya juye haushinsa a kan karta. A duk tsawon wannan muhawara wayar maƙwabcin Inna tana shigowa, Mijinyawa yana duba lambar yana mayar da wayar aljihu, yana ce wa kansa zai kira in ya sami labari mai daɗi.

Lissafin da ya yi wa zuciyarsa mai sauƙi ne. Buhu ɗaya ci za a yi ya ƙare. Karta kuwa za ta jawo komandan, komandan ya jawo tebur, tebur ya jawo buhunan da sai an ɗauko kamiyo, babbar motar kaya. Da ya maimaita wa kansa wannan sau da yawa, har ya fara ganin sayen buhun a matsayin rashin tausayi ga Inna. Wata safiya ya zazzage aljihun tsohuwar kwat, ya dawo gida rungume da baƙin akwati.

Madina ta dubi kwalin, ta dubi mijinta, ta tambaya ko a wane gefe ake buɗe shi a ɗebo hatsin. Ya ce mata ita matsalarta ba ta hangen nesa. Ta ce gaskiya ne, iyakar ganinta tukunya, kuma tukunyar ma yau shinkafar bashi ce a ciki. Iya Hawa tana zaune a kan tabarma tana jin su, ta daɗe tana kallon kwalin, kuma Mijinyawa ya fi jin zafin wannan kallo a kan duk maganar matarsa.

Ranar ɗauka ya fito da turmi tsakar gida, ya ja waya daga situdiyo, ya ɗaure mikro a jikin kujera, ya roƙi Iya Hawa ta zo ta yi masa 'yar daka. Ta taso, ta leƙa turmin, ta ga ba komai a ciki, ta koma ta zauna. A garinsu ba a daka turmi wayam. Sun ce mai yin haka yunwa take kira da hannunta, kuma Iya Hawa ta ce wadda ake ciki ma ta ishi kowa, ba sai ta kira mata ƙanwa ba. Ya yi mata bayanin cewa wannan camfi ne, na'ura ba ta san abin da ke cikin turmi ba. Ta ce ita ta sani.

Sai ya tuɓe kwat ya ɗauki taɓarya da kansa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna kallon babban ma'aikaci yana dukan turmi yana haki. Ya shiga ɗaki ya saurara. Baƙin akwatin ya yi aikin da aka saye shi dominsa: kwam, kwam, kwam, itace a kan itace, ko jariri ya ji ya san gidan nan ba a ci ba. Ya zuba yashi ya sake gwadawa, ya fito kamar ana haƙar kabari. Ya cusa tsumma, ya fito kamar ana dukan katifa. Da kartar da ke cikin ordinatar ya riƙe, da zuuu ɗinta ya rufa masa asiri, amma shi mai gaskiya ya zaɓa da kuɗinsa.

Dole ya aika Madina gidan maƙwabciya aron tiyar hatsi, da sharaɗin za a mayar kafin la'asar. Maƙwabciyar ta ba da, tana mamakin wannan sabon salo na aron hatsi a dawo da shi.

Da hatsi ya shiga turmi, Iya Hawa ta zama wata mace daban. Ta yayyafa ruwa, ta ɗaure zane, ta ɗaga taɓarya. Da farko a hankali, sannan jikinta ya tuna. Ta fara lugude, tana jefa taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe, kuma tana da wani salo nata, takan ɗan goga bakin turmi sau biyu da gindin taɓarya kafin ta saki bugu, abin da ita da yayarta suka koya wurin uwarsu tun suna 'yan mata. Ta manta da mikro, ta manta da Yamai. Madina da take tsaye a bakin madafa sai da idonta ya ciko, don ta daɗe ba ta ji wannan ƙara a gidanta ba.

Mijinyawa bai ga ko ɗaya ba, yana ɗaki yana kallon fitilu kore suna rawa. Da ya samu abin da yake so ya leƙo ya ce ya isa. Aka kwashe hatsin aka mayar wa mai shi a surfe, ta karɓa da murna tunda ta sami aikin banza. Shi kuma ya zauna ya yanko wurin da ya fi daɗi, da tafin da gogar bakin turmin, ya haɗa ƙarshensa da farkonsa yadda ba mai gane inda aka ɗinke. Iya Hawa ta koma daka ba tsayawa, ba numfashi, ba gajiya. A kai ya ɗora muryarsa mai kauri, da Hausa da Zabarmanci, yana shaida wa jama'a su kwantar da hankali, abinci ya iso.

Komandan ya ji, ya ce a sake sa masa. Aka fara watsawa safe da rana da yamma, kafin labarai da bayan labarai, har a ƙananan gidajen radiyo na karkara. A fada aka riƙa miƙa wa Mijinyawa kofin shayi na farko. Masu goyon ta waje suka ce ai sun faɗa. Ya fara tafiya yana ɗaga kafaɗa, yana gaida mutane da kai kawai.

Aka kira shi biki a ofishin kwamiti. Ya sa kwat mafi kyau, ya tafi da jaka babba ko da za a ba da abin a hannu. Komandan ya yi jawabi a kan kishin ƙasa da 'ya'yan da suke ba da basirarsu kyauta a lokacin tsanani, aka tafa, aka miƙa wa Mijinyawa takardar yabo a cikin gilashi, mai hatimi har biyu. Da ya matsa kusa da Oumarou ya yi masa raɗa a kan maganar tebur, ko dai buhu ɗaya daga cikin waɗanda sanarwar take cewa sun iso, Oumarou ya dafa kafaɗarsa ya ce buhunan suna hanya, shi ma a radiyo ya ji. Mijinyawa ya dawo Bukoki da gilashi a cikin jaka, kunya da haushi suna cin sa, ya rataye shi a situdiyo tsakanin kwalayen ƙwai.

Bai daɗe da dawowa daga biro ba wata ranar, bayan azahar, aka yi sallama a ƙofar gida. Ya gane muryar, ya fito da sauri. Inna ce, riƙe da kafaɗar babbar yayarsa, bayansu sauran 'yan'uwansa mata da 'ya'yansu, da ƙullin kaya da tabarmi da tukwane, duk sun yi fari fat da ƙurar mota. Sun rame har sai da ya dubi yayar tasa sau biyu kafin ya gane ta.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Inna ta sha, ta laluba ta kamo fuskarsa, ta shafa, tana sa masa albarka. Fuskarta cike da farin ciki, irin wanda ya daɗe bai gani ba. Yayar ce ta ba da labari. Sun yi ta kira ba a ɗauka, har sun fara cewa ko wani abu ya same shi. Sai ran nan a gindin bishiya aka kunna radiyo, Inna ta ce kowa ya yi shiru. Ta ce wannan muryar ɗanta ce, wannan kuma hannun Hawa ne, ba wata mace a duniya da take goga bakin turmi haka. Da safe suka ji, da rana suka ji, da yamma suka ji. Inna ta ce gidan da ake daka sau uku a yini ba tsayawa, mai shi bai ƙi ɗaukar waya don tsiya ba, hidima ce ta yi masa yawa, kuma ba dalilin da zai sa jikokinta su mutu a ƙauye.

Mijinyawa ya buɗe baki da ƙyar ya tambayi tulun.

"Irin?" in ji Inna. "Mun cinye rabi, mun saida rabi mun shiga mota. Mi za mu yi da shi, ga ka?"

Madina ta shige madafa, inda ba abin da yake jiran ta. Iya Hawa ta zo ta durƙusa ta gaida yayarta, suka riƙe hannun juna, kuma Mijinyawa ya tsaya yana jiran ta faɗi abin da ta sani. Ba ta faɗa ba. Ta ɗago ta dube shi kawai, ta bar masa maganar, tunda tasa ce.

Ya yi niyyar faɗa, Allah ya sani. Ya tsara kalmomin a ransa, har da bayanin yadda ake yanka sauti a maimaita. Amma Inna ta karkata kai tana saurare, kamar yadda take yi in tana neman abu, murnar fuskarta ta fara raguwa kaɗan kaɗan.

"Gidan shiru," ta ce. "Yau ba a daka ba?"

Yaran duk suka juyo suna kallonsa. Shi da ya yi wa ƙasa guda albishir da murya mai kauri, ya nemi muryar ya rasa. Ya tashi kamar wanda aka aika, ya shiga situdiyo, ya kunna ordinata, ya murɗa maɓallin baƙin akwatin. Dakan Iya Hawa ya cika gidan, tas, da tafinsa da komai, kai ka rantse a bayan ɗaki ake yi. Yayyensa suka dubi taga, suka dubi Iya Hawa da ta janye hannunta ta koma gefe ta rufe fuska da mayafi, suka dubi turmin da ke kife a jikin katanga, suka gane.

Inna ta saki ajiyar zuciya, ta jingina da bango, ta yi hamdala. Ta ce wa jikokin su je su wanke hannu. Ta saurara na ɗan lokaci tana gyaɗa kai, sannan ta ɗaga murya wajen ɗakin da ɗanta yake tsaye, hannunsa a kan maɓalli, ya kasa kashewa ya kasa fitowa.

"Ka ce ma Hawa ya isa haka nan, kar ta kashe kanta. Ko bai yi laushi ba a dama muna, yaran nan tun jiya ba su ci ba."